Iri na mutuwa tun a buhu, mu kuma muna zagin fari da awaki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina maka fatan alheri kai da ma'aikatanka, da fatan ana shan hunturu lafiya. Dan Allah a bani fili ko da zan ɗan ja ta, dan maganar da nake tafe da ita bata gajarcewa.

Duk shekara in damina ta kankama, wajen Yuli ko Agusta, jaridu har da taku kan cika da hotunan manya an durƙusa da babbar riga ana dasa icce, a ce bana za a dasa dubu kaza ko miliyan kaza. In shekara ta zagayo aka leƙa wurin ba komai sai keji ya karkace, sai kaji ana cewa ai fari ne, ai awaki ne, ai mutanen ƙauye ne basu da kula. Ni nayi aikin malamin daji har na aje, yanzu ina da ɗan lambun renon dashe a bayan gari nan Katsina, kuma ban musa ba, awaki na ci, fari na kashewa, amma akwai ɓarnar da ke faruwa tun kafin dashen ya leƙo daga leda wadda ba mai ɗaukar hotonta, ita ce ta iri. Shi yasa na rubuto yanzu cikin sanyi ba lokacin da ake biki ba, dan yanzu ne gawo da bagaruwa da tsamiya da kuka ke da ɗiya a sama, ɗorawa kuma na shirin fure, abunda za a dasa a Agusta yanzu ake yanke mashi hukunci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na farko da mutane da yawa basu ɗauka da gaske ba shi ne iri abu ne mai rai, yana numfashi kaɗan kaɗan, yana tsufa, yana mutuwa, kuma mataccen iri da rayayye a ido duk ɗaya suke. Sannan ba duka iri ne halinsu ɗaya ba. A 1973 wani masani a Jami'ar Redin ta Ingila mai suna E. H. Roberts ya raba iri gida biyu, akwai wanda in ka busar da shi ka sanyaya shi ƙara mashi kwana kake, akwai kuma wanda bushewa ita ce ajalinsa. Gawo, bagaruwa, dakwara, kuka, tsamiya, kalwa, magarya duk 'yan gidan farko ne. Kaɗanya, mangwaro, goro, koko 'yan gida na biyu ne, ƙwallon kaɗanya in ya faɗo farkon damina ka bari ya sha rana 'yan makonni toh sai dai a kaiwa mata su yi man kaɗe, shuka kam ta wuce. Masu bincike na lambun Kiyu da ke Ingila sun ƙiyasta a 2018 cewa kusan kashi 33 cikin 100 na nau'in itatuwan duniya irinsu baya jure bushewa, amma yawancinsu a dazuka masu lema suke, mu nan Allah ya rufa mana asiri, itatuwan ƙasar rani mafi yawansu masu jurewa ne. Wato abunda ke gagarar mutanen kurmi mu mai sauƙi ne a wurinmu, shi ne fa ke bani haushi.

Bedi kuwa, darbejiya inji Kanawa, shi ne ɗan rigima, kuma shi ne iccen da muka fi dasawa tun da aka shigo da shi Borno wajen 1928. Akwai shekarar da wani ɗan kwangila, bazan kama suna ba, ya sauke mana buhunan irin bedi a wurin reno, buhunan leda ne an ɗinke baki an jibge su a sito mai rufin kwano tun bara. Na ɗibi tafi guda na fasa da haƙori, maimakon ƙwayar ciki ta zama ɗanya mai ɗan kore kore da warin nan nata mai kama da tafarnuwa, sai na tarar tayi baƙi ta yamutse, wasu har sun zama gari. Nace yallaɓai wannan ai gawa ce, yace min shi dai awo aka bashi kuma ya cika awo. Haka aka sa leburori suka cika leda da ƙasa da taki suka zuba, aka yi ta ban ruwa safe da yamma da jarka a kafaɗa, ledojin nan suka fito da ciyawa tsaf, bedi kam sai ɗaiɗai. Kuma a takarda an rubuta kuɗin iri, kuɗin leda, kuɗin ruwa, kuɗin lebura, duk sun fita.

Irin bedi in an bar shi haka a ɗaki cikin zafi 'yan makonni zuwa 'yan watanni yake yi ya mutu, shi yasa tsofaffin ma'aikata ke cewa a tsinko shi nunanne, a wanke naman, a shanya a inuwa, a shuka nan take. An daɗe ana ɗaukar ba ya ajiyuwa sam. Wani ɗan Burkina Faso, Moctar Sacandé, shi ya zauna ya yi digirinsa na uku kacokan a kan irin bedi a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, ya kammala a 2000, ya nuna ana iya busar da shi a aje, matsalar tana wurin sanyi da wurin jiƙawa. In yana da danshi aka sa shi a firij sanyin na kashe shi, in kuma ya bushe ƙarau aka tsunduma shi a ruwan sanyi tantanin ƙwayoyinsa na fashewa abun ciki ya tsiyaye, amma in aka jiƙa shi a ruwa mai ɗumi da yawa na tashi. Kaga wannan ilimi ne da ya kamata ace kowane mai reno daga Funtuwa har Kongolam ya san shi, shekara sama da ashirin yana kwance a takarda.

Toh me ke faruwa a cikin irin? Nan ne masu binciken ƙwayoyin halitta suka shigo, kuma wallahi abun mamaki ne. Lokacin da iri ke gab da nuna a kan uwa, wasu ƙwayoyin gado na farkawa su umarci a ƙera wasu furotin na musamman, Leon Dure a Amurka shi ya fara bayaninsu a irin auduga wajen 1981, ana ce masu LEA a taƙaice. Su da sukarin da irin ke tarawa su ke maye gurbin ruwa yayin da yake fita, sai cikin kowace ƙwaya ya daskare kamar alewa in ta huce, komai ya tsaya cak a inda yake, tantani bai yage ba, DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanin gado, bai tarwatse ba. Iri mai jure bushewa kenan. Kaɗanya da mangwaro basa kammala wannan shiri, suna faɗowa daga uwa injinsu a kunne, shi yasa in ruwa ya fita sai su wargaje. Amma ko mai jurewar ba wai ya tsira bane har abada, iskar oksijin na cinsa a hankali, tana lalata maiƙon da ke cikinsa, tana tsittsinka DNA, shi yasa kowane manomi ya san irin gyaɗa baya kai na gero daɗewa, haka maɗaci da bedi masu mai basa kai bagaruwa. In aka jiƙa iri, aikin farko da yake yi kafin ya fidda saiwa shi ne gyara, akwai sinadaran da ke ɗinke DNA ɗin da ya tsinke, akwai masu gyara furotin da ya lanƙwashe, in ɓarnar kaɗan ce sai ya tsiro a makare, in tayi yawa sai ya fito a raunane ko ya ruɓe a ƙasa. Wannan ne yasa tsohon iri ko ya fito dashensa ke zama tsamurarre, kuma irin wannan dashen ne ke fara mutuwa in ruwa ya ɗauke, sai a ce fari. An taɓa samun irin wani tsiron ruwa mai kama da bado a busasshen tafki a arewa maso gabashin Sin, ya kai shekara 1,300, ya tsiro, da aka bincika a 1995 sai aka tarar sinadarin gyaran furotin ɗinsa na nan da ƙarfinsa.

Abun da zai fi amfanar mu shi ne wata ƙa'ida mai sauƙi ta wani Ba'amurke J. F. Harrington. Yace duk kashi 1 cikin 100 da ka rage na danshin iri, ka ninka kwanansa, haka duk digiri 5 da ka rage na zafin wurin ajiya ka sake ninkawa. Juya ta baibai kaga abunda sito mai rufin kwano ke yi a watan Afrilu lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, sannan damina ta biyo baya buhu ya sha lema. A babban rumbun iri na Kiyu da aka buɗe a 2000, kafin su sa iri a kwalba su kai ɗaki mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, sai sun fara shanya shi a ɗakin da aka saita danshin iska a kashi 15 cikin 100, injina ne ke yi masu wannan da kuɗi masu yawa. Mu fa? Iskar hunturun da ke fasa mana leɓe da dunduniya yanzu haka, da rana danshinta kan sauka kusa da wannan, kyauta. Abunda ya rage kawai a shanya iri a inuwa cikin Janairu da Fabrairu, ba a kan kwano ko siminti mai zafi ba, a zuba a kwalba ko jarka mai murfin da iska bata shiga tun kafin iskar bazara ta juyo da lema, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi ko busasshen gawayi, a rubuta sunan icce da gari da wata, a aje a ɗakin ƙasa mai sanyi ko firiza mai sola. Rumbun Sibalbad na ƙasar Nowe da aka buɗe a 2008 cikin dutsen ƙanƙara a digiri 18 ƙasa da sifili, dabarar dai ita ce wannan, girma ne ya bambanta. Masu ƙin bushewa su ne sai an cire ɗan tsiron ciki an tsoma a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, wannan kam ba aikin lambuna bane, mu namu a shuka kaɗanya da ɗanyenta.

Gwaji kuma ba wani abun tsoro bane. Ka ɗebo iri daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, ka ƙirga 100, ka jera a tsumma mai lema ko yashi a faranti, kayi haka kashi huɗu, ka riƙa ƙirga masu fitowa, abunda ya fito shi ne darajar buhunka, haka ƙungiyar gwajin iri ta duniya da aka kafa tun 1924 ta tsara. In kana sauri ka sa reza ka tsaga. Irin gawo musamman, ka ɗaga shi a rana ka duba da kyau zaka ga wani ɗan rami zagayayye kamar an huda da allura, ƙwaro ne ya yi ƙwai tun kwafson na ɗanye, tsutsar ta cinye ciki ta fice ta bar maka ɓawo mai sheƙi, ka zuba a bokitin ruwa irin waɗannan duk sai su taso sama. Akwai kuma wani gishiri da ake kira tetirazoliyom wanda Bajamushe Georg Lakon ya fito da amfaninsa a shekarun 1940, ana jiƙa iri ya kwana, a tsaga, a sa shi a ruwan maganin wanda fari ne tas, a rufe a duhu 'yan awanni, duk inda ke numfashi sai ya rine ja jawur, matacce ya zauna fari. Kwana ɗaya ka san gaskiyar buhu kafin a biya kuɗi.

Sai dai a kula, rashin tsirowa ba kullum ne mutuwa ba. Kuka da bagaruwa da gawo ɓawonsu ne baya barin ruwa ya shiga, sai ya shekara a ƙasa lafiyarsa ƙalau yana jira, a daji cikin akuya da saniya ne ke sassaƙe shi, shi yasa ake ganin gawo na fitowa a makiyaya da inda aka zuba taki. Na sha ganin yara masu reno sun zubar da irin kuka mai kyau wai ya mutu. Abun yankan farce kawai zaka sa ka ɗan ɓantare gefe nesa da idon, ko ga bagaruwa da kuka a tafasa ruwa a sauke a zuba masu a bari su kwana, wanda ya kumbura ya shirya.

Yanzu bari in zo kan wanda aka fi mantawa da shi, wato garin fure. Manomi ya san bununin gero, ya san in ruwa mai ƙarfi ya wanke shi ko zafi ya ƙona shi zangarniya zata fito da giɓi, toh icce ma haka ne, ba iri sai an yi barbara, kuma garin furen nan shi ma rai gare shi, ya ma fi iri saurin mutuwa. Na masara 'yan awanni yake yi a rana. Wani masani James Brewbaker a Hawayi ya duba nau'in tsirrai kusan 2,000 a shekarun 1960 ya ga garin furen da ke barin uwa da ƙwaya biyu a ciki ya fi ajiyuwa, mai ƙwaya uku irin na dangin hatsi shi ne mai gajeren kwana. Shi da abokin aikinsa Kwack suka haɗa ruwan gwajin da har yau ake amfani da shi tun 1963, sukari ne da ɗan sinadarin boron da kalsiyam, a barbaɗa garin a kai a gilashi, bayan 'yan awanni a leƙa ta madubin ƙara girma, mai rai zaka ga ya fidda wani siririn bututu, shi ne hanyar da yake bi ya isa cikin macen fure. Ɗalibin aji uku a jami'a zai iya wannan.

Me yasa ya dame mu? Ka tara irin marke buhu guda ka tsaga, mafi yawansa fanko ne, ba ƙwaya a ciki tun asali, masu reno sun san wannan ciwon kai. Ka dubi kuka kuma. Furenta fari ne babba, yana buɗewa da magariba, washegari ya yi yaushi ya faɗi, dare ɗaya ne damarsa, kuma jemage ne babban mai ɗaukar garin daga wannan kuka zuwa waccan, haka ɗorawa jemage da ƙudan zuma ke yi mata. Binciken da Sarah Venter da abokan aikinta suka fitar a Afirka ta Kudu a 2017 ya nuna kuka bata karɓar garin furen kanta, in aka yi mata barbara da nata ɗiyan zubewa suke, kuma kukokin da mutanen can ke kira maza dan basa ɗiya, da aka ɗauko garin wata kukar aka shafa masu da hannu sai gasu sun yi. Toh mu nan me muke yi? Kukar cikin gari da ta bakin gona duk shekara sai an hau an sassabe ta tas saboda miya, bata samun reshen da zai yi fure, jemagu yara na harbi da danƙo ana sare manyan itatuwan da suke kwana, zuma ana ƙone ta da wuta ko feshin gona ya kashe, sauran itatuwan kuma masu gawayi sun rage su sun zama ɗaya nan ɗaya can. Iccen da ya rage shi kaɗai a fili ko dai ya ƙi ɗiya ko ya yi da garin ɗan'uwansa na jini, irin ya fito rarrauna. Kuma abun takaici irin wannan iccen ne mai tara iri ya fi so, dan yana bakin hanya, a cika buhu daga uwa ɗaya a raba wa jiha guda. Ƙa'idar aiki ita ce a tara daga uwaye 25 zuwa 30 ko fiye, da tazarar kamar mita 100 tsakaninsu. Na san yadda dajin Rugu da kewayensa suka zama ba mai shiga neman iri yanzu, Allah ya kawo mana ƙarshen abun, amma hakan ma dalili ne na a yi rajistar kyawawan uwayen da ke gonakin mutane a Mashi da Mani da Sandamu da Mai'aduwa a biya masu gonar wani abu su daina sara.

Dabino shi ne inda kowa zai gane maganar, dan shi namiji daban mace daban, kuma mun karanta a hadisi yadda mutanen Madina ke yi mashi barbara da hannu, shekarar da suka bari amfanin ya lalace. Garin furen dabino in an busar da shi aka aje a sanyi yana kaiwa wata shekarar, kuma tun 1928 Walter Swingle ya bayyana cewa namijin da aka ɗebo garinsa na shafar girman ɗiyan da lokacin nunarsu, wato ba kowane namiji bane na kirki. A wani tsohon kagara da ake kira Masada kusa da Tekun Gishiri, masu tonon tarihi sun samo ƙwallayen dabino a shekarun 1960, aka auna shekarunsu kusan 2,000, a 2005 aka shuka ɗaya ya tsiro, ya girma ya zama namiji, daga baya wasu tsofaffin ƙwallayen suka fito har da mata, a 2020 aka ɗebi garinsa aka yi wa ɗaya barbara aka ci dabino. Bushewar wurin ce ta riƙe su. Mu kuma matsalarmu mutum ya shuka ƙwallo, ya yi ban ruwa shekara biyar ko fiye kafin ya yi fure, sannan ya tarar kusan rabi maza ne alhali namiji ɗaya ya ishi mata kusan 50 in da hannu ake yi. A 2011 masu bincike a Ƙatar suka karanta jerin ƙwayoyin gadon dabino suka gano yankin da ke bambanta namiji da mace, yanzu da ɗan guntun ganye ana iya sanin jinsin dashe tun yana leda, da irin na'urar PCR ɗin nan da kowa ya ji sunanta lokacin korona. Ga tashar binciken dabino ta NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, nan kusa a Dutse. Giginya da goruba da kanya da danya duk haka suke namiji daban mace daban, duk suna jiran wanda zai yi masu irin wannan aiki.

Kuma an fara share hanya. Wata haɗakar masu bincike da ke da cibiya a Nairobi ta ɗauki amfanin gona da itatuwan Afirka 101 da aka yi watsi da su, wajen 2019 suka fitar da jerin ƙwayoyin gadon gawo da zogale da danya da gujjiya, na kaɗanya ya fito a 2021. Amma bature ko ɗan Kenya bazai zo ya gaya mana ko gawon Baure da Zango ya bambanta da na Malumfashi a jure fari ba, ko garin furen ɗorawa na kai wa nisan nawa a gonakin da aka sare, ko zafin Maris na kashe shi kafin jemage ya iso. Da alamomin DNA ana gane uban kowane iri a kan uwa kamar yadda ake gwajin uba a asibiti, wannan tambayoyi ne na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-ma, ina roƙon malamanmu na can su tura ɗalibai, lambuna a buɗe yake, ganye da iri kyauta.

Wani zai ce ai mutanen Maraɗi da Damagaram basu jira iri ba, da sassabin zamani kawai, wato barin tohon kututture a gona ana gyara shi, suka maido itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Gaskiya ne kuma ni mai goyon bayansa ne ɗari bisa ɗari, ya fi dashe araha nesa ba kusa ba. Sai dai toho na fitowa ne inda akwai saiwa mai rai a ƙasa, inda aka tumɓuke da tarakta ko kaɗanya da ɗorawa suka ƙare ƙaf dole sai iri.

Roƙona ga gwamnatin jiha da masu riƙe da kuɗin Babbar Ganuwar Itatuwa ta tare hamada, wadda aka kafa hukumarta a 2015 kuma Katsina na cikin jihohi 11 da take aiki, da kuma shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700, a ware ɗan abu kaɗan a buɗe ɗakin iri na itatuwa guda a Katsina, ƙarami a Daura. Ba ginin bene nake nufi ba, ɗaki biyu ne da firiza mai sola da sikeli da madubin ƙara girma da kwalabe da ma'aikaci biyu da aka tura horo cibiyar binciken daji ta ƙasa da ke Ibadan ko tashoshinta na Samaru da Kano. Burkina Faso da bata kai mu arziki ba tana da cibiyar irin itatuwa ta ƙasa a Wagadugu tun 1983. Sannan a sa doka a takardar kwangila, ba a biyan kuɗin buhun iri sai da takardar da ta nuna sunan icce, garin da aka tara, daga uwaye nawa, wane wata, da kashi nawa ya tsiro a gwaji, wanda ya gaza a maida mashi kayansa.

Kai kuma Malam Edita, in damina ta zo aka gayyaci wakilinku bikin dashe, dan Allah bayan ya ɗauki hoton ya tambayi jami'in da ke wurin daga ina irin ya fito kuma wa ya gwada shi, ya buga mana amsar yadda aka bashi ita. Na gode da fili, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Tsohon malamin daji, mai renon dashe,
daga Katsina.